Sunan Mai Hoto: Tarihin Haƙƙin Mallakar Hoto Daga Iyakar Jibiya Zuwa Zamanin Intanet

1.0 Gabatarwa

A ranar 26 ga watan Yuli na shekarar 1923 babu wanda zai yi tsammanin wani abu da ya auku a Yamai da safe zai iso kunnen mutumin Katsina kafin azahar. Shekara ɗari daidai bayan nan, watau ranar 26 ga Yuli, 2023, sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum, kuma kafin mako ya zagayo ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka rufe iyaka. Duk wanda ke da waya a hannu a wancan lokaci ya ga hotunan abin da ya biyo baya a Magamar Jibiya: manyan motoci jere a bakin hanya an lulluɓe kayansu da tamfol, direbobi da yaran mota sun shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashinsu, ga kuma kaya masu saurin lalacewa suna ruɓewa a rana. Hotunan nan sun zaga Kano da Legas da Maraɗi da Jidda, an yi muhawara da su, an yi zargi da su, wasu jaridun intanet ma sun ci abinci da su. Amma da za a tsayar da mai karatu a tambaye shi wane ne ya ɗauki hoton da ya fi taɓa masa rai, da wuya ya iya ba da amsa, domin yawancinsu sun iso gare shi ne babu suna, babu rana, wani lokaci ma babu sunan wurin.

Maƙasudin wannan takarda shi ne ta bi sawun wannan rashin suna, ta ga inda ya samo asali. Mun zaɓi iyakar Jibiya ne saboda a nan dokoki biyu masu tushe dabam dabam suka yi kiciɓis, ɗaya ta gadon Ingilishi ɗaya ta gadon Faransa, alhali mutanen da suke zaune ƙarƙashinsu dangi ne, harshensu ɗaya, kasuwarsu ɗaya. Ra'ayinmu kuwa, wanda za mu yi ƙoƙarin kafa wa hujja, shi ne intanet ba ita ta ƙirƙiro wannan cuta ba. Ta tarar da ita ne kwance, ta tashe ta, ta ba ta ƙafafu.

2.0 Iyakar da Masu Zana Ta

Ba sai mun tsawaita ba a kan dangantakar Katsina da Maraɗi a gaban wannan taro. Bayan da birnin Katsina ya faɗa hannun masu jihadi a 1807, sarakunan Haɓe sun yi arewa, suka kafu a Maraɗi a wajejen 1819, kuma har yau sarautar Maraɗi da sunan Katsina ake kiranta. Ƙasar da ke tsakanin biranen biyu, inda Jibiya take, ta daɗe tana fagen hare-hare da fatauci a lokaci guda. Heinrich Barth ya ratsa wannan yanki a farkon 1851, daga Tasawa ta Gazawa zuwa Katsina. Shekara goma sha biyu ke nan da bayyana fasahar ɗaukar hoto a Faransa a 1839, amma shi da alƙalami ya zo. Zane-zanen da ke cikin littafinsa wani gwani mai suna Bernatz ne ya gyara su a Jamus bisa ga abin da Barth ya zazzana, kuma an buga sunan kowannensu. Wannan ƙaramin abu ne, amma a riƙe shi: tun a wancan zamani mai buga littafi a Turai ya san cewa hannun da ya yi zane yana da suna.

Iyakar kanta an yi ta ne a kan takarda kafin a yi ta a ƙasa. Yarjejeniyar 1890 ta ja layi daga Sayi zuwa Barruwa, aka sake ta a 1898, da 1904, da 1906, saboda Faransawa suna neman hanya mai ruwa tsakanin kogin Kwara da Damagaram. Daga 1906 zuwa 1908 kwamitin haɗin gwiwa ƙarƙashin Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila ya bi ƙasar yana kafa alamomi guda 148, daga Kwara har tafkin Cadi, gwamnatocin biyu suka amince da aikin a 1910. Ayarin Tilho ya koma da awon ƙasa, da tarihin baka da tafinta Landeroin ya tattara daga bakin mutanen yankin, aka buga su cikin manyan kundaye a Faris.

Irin waɗannan ayarori su ne suka fara shigo da akwatin hoto cikin ƙasar Hausa, tare da hafsoshin soja, da jami'an mulki, da 'yan mishan. Abin da ya shafe mu a nan shi ne yadda aka adana abin da suka ɗauka. A ɗakunan ajiya na Turai ana jera irin waɗannan hotuna ne ƙarƙashin sunan hafsan da ya kawo su ko hukumar da ta aike shi. Wanda aka ɗauka kuwa, in ba sarki ba ne, sai a rubuta masa ƙabilarsa ko sana'arsa kurum: Bahaushe mai rini, Bafilatana mai nono, 'yan kasuwa a ƙofar gari. Haka aka buga dubban katunan gidan waya masu hoto, waɗanda Turawa ke aika wa 'yan'uwansu a gida. Fortier na Dakar, wanda ya fi kowa yawan irin waɗannan katuna a ƙasashen renon Faransa, ya kula ƙwarai da sa sunansa da lamba a kan kowane kati. Watau tun daga farko akwai wanda sunansa ke bin hoto, akwai wanda nasa ke faɗuwa a hanya, kuma ba ƙuri'a aka jefa ba.

3.0 Abin da Muka Gada Game da Ambaton Mai Aiki

Akan ji wasu na cewa haƙƙin mallaka baƙon abu ne, wai Bahaushe bai san shi ba, abin da ya fito fili na kowa ne. Wannan magana tana da rabin gaskiya. Gaskiya ne malamanmu na dā ba su hana a kwafi littattafansu ba, hasali ma so suke a kwafa, domin yaɗa ilmi ibada ne. Amma kwafa dabam, shafe suna dabam. Duk wanda ya taɓa riƙe tsohon rubutun hannu ya san yadda yake farawa da sunan mawallafi da na mahaifinsa da addu'a gare su, ya kuma san yadda magwafi yake rufewa da nasa sunan, wani lokaci har da sunan wanda aka kwafa dominsa da ranar gamawa. Marubutan waƙoƙin ajami sukan saka sunansu a baitocin ƙarshe, su ɓoye shekarar cikin ramzi. Da irin wannan kulawa ne ayyukan Ɗan Marina da Ɗan Masani na Katsina suka tsallako ƙarni uku da sunayensu a manne.

Misalin da ya fi gamsar da mu shi ne tahamisi. Mawaƙi yakan ɗauki waƙar wani ya ƙara ɗango uku a kan kowane baiti, waƙar ta zama ta mutum biyu, amma ba ya haɗiye na farko. Waƙar Tabbat Haƙiƙa Shehu Usmanu ne ya yi ta da Fulatanci, Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, Isa ɗan Shehu ya yi mata tahamisi, kuma duka sunayen uku sun iso gare mu. Ga kuma ilmin isnadi da ijaza, inda darajar magana take rataye ga sanin wanda aka karɓo ta daga gare shi. Al'ummar da ta gaji wannan ba za a ce ba ta san ambaton mai aiki ba.

To, me ya sa hoto bai samu wannan gata ba? A ganinmu dalilai biyu ne. Na farko, an ɗauki hoto aikin na'ura ne, mai hoto kuwa ɗan latsa maɓalli kawai. Turawa ma sun yi wannan jayayya, har sai da kotun ƙoli ta Amurka ta yanke hukunci a 1884, a shari'ar hoton Oscar Wilde da Sarony ya ɗauka, cewa zaɓen haske da tsayuwa da lokaci aikin basira ne. Na biyu, sana'ar ta shigo garuruwanmu a hannun baƙi, yawancinsu mutanen kudu da na gaɓar teku masu shaguna a Sabon Gari, ga kuma saɓanin malamai a kan halaccin sura. Saboda haka hoto a wurin mutanenmu na wanda ke cikinsa ne. Akan ce hoton Sarki Dikko, hoton Sardauna, hoton Shata, ba a cewa hoton wane mai hoto, kuma harshen kansa ya taimaka wajen ɓoye shi, tunda kalma ɗaya ce take ɗauke da ma'anonin biyu.

4.0 Hatimin Bayan Hoto

Duk da haka masu sana'ar sun nemo wa kansu dabara. Wanda ya juya tsohon hoton aure ko na Salla ko na fasfon aikin hajji, daga shekarun 1950 zuwa na 1990, sau da yawa zai ga hatimin shagon da tawada shuɗiya: suna, da titi, da gari. Bayan wannan kuma mai hoto shi ke riƙe da fim ɗin da ya wanke. Mai son ƙarin kwafi dole ya koma wurinsa ya biya. Wannan ita ce kāriyar da mai hoto na Katsina ko Maraɗi ya dogara da ita, ko ya san da wata doka ko bai sani ba, kuma ta yi masa aiki muddin kwafin hoto yana bukatar ɗaki mai duhu da ruwan magani.

Amma hatimin a baya yake, shi kuwa hoto fuskarsa ake bugawa. Misalai biyu daga Afirka ta Yamma sun isa su nuna abin da kan faru. Jonathan Adagogo Green, mutumin Boni, an haife shi a 1873 ya rasu a 1905, shi ne ya ɗauki sanannen hoton Oba Ovonramwen na Bini a cikin jirgin ruwa a 1897, lokacin da Ingilishi suke tafiya da shi gudun dole. An yi ta buga hotunansa a littattafai da katuna, sau da yawa ba tare da sunansa ba, inda kuma sunan ya fito a taƙaice, J. A. Green, sai masu karatu su zaci Bature ne. Sai a 2017 Martha Anderson da Lisa Aronson suka fitar da cikakken littafi a kansa, fiye da shekara ɗari bayan rasuwarsa.

Na biyu ya fi kusa da zamaninmu. A 1991 an yi baje kolin fasahar Afirka a birnin New York, aka rataya wasu hotunan mutanen Bamako da bayanin cewa ba a san mai ɗaukarsu ba. Alhali kuwa mai ɗaukarsu, Seydou Keïta, yana nan da ransa a Bamako, da dubban fina-finansa a ajiye cikin akwati. André Magnin ne ya tafi da kwafin hotunan, ya nuna wa Malick Sidibé, shi kuma da gani ɗaya ya gane hannun abokin sana'arsa. Kafin Keïta ya rasu a 2001 sunansa ya cika duniya. Abin lura a nan, ba a yi wani dogon bincike ba. Tambaya aka yi, a garin da ya kamata, ga wanda ya kamata. A Nijar ma Philippe Koudjina ya shafe shekaru yana ɗaukar rayuwar Yamai ta bayan samun mulkin kai kafin masu baje koli na ƙasashen waje su waiwaye shi.

Idan aka kwatanta da Turawan da suka yi aiki a ƙasarmu sai bambancin ya fito. Eliot Elisofon na mujallar Life ya zo Nijeriya a 1959, ya ɗauki hotuna a fadar Katsina zamanin Sarki Usman Nagogo, kuma ayyukansa suna ajiye a cibiyar Smithsonian ta Washington, kowanne da lamba da shekara da bayani. Na E. H. Duckworth, editan mujallar Nigeria, suna jami'ar Northwestern. Ba mu faɗi haka don hassada ba. Hukuma ce ta tsaya musu, namu kuwa akwatinsu na ƙarƙashin gado ne, in mai shi ya rasu gara da damina su raba gadon.

5.0 Doka Biyu, Gulbi Ɗaya

Ruwan da ya taso daga madatsar Jibiya shi ne yake bi ta Madarunfa ya zama Gulbin Maraɗi, amma dokar da ke bakinsa takan sauya da an wuce Magama an doshi Ɗan Isa.

A ɓangaren Nijeriya, dokar haƙƙin mallaka ta Ingila ta 1911 ita aka shimfiɗo wa Jihar Arewa a 1912. Wannan doka ta ɗauki mai mallakar fim ɗin a matsayin mawallafin hoto, ko da ba shi ya ɗauka ba, kuma idan wani ne ya biya aka ɗauka masa, haƙƙin na mai biya ne. Watau dukiya take kārewa, ba ta damu da hannun da ya yi aikin ba. Da ita aka zauna har bayan samun mulkin kai, sai a 1970 gwamnatin soja ta kafa tata. Babban sauyi ya zo ne da doka mai lamba 47 ta 1988, wadda ta ce mawallafin hoto shi ne wanda ya ɗauke shi, ta kuma ba shi haƙƙin a ambaci sunansa da haƙƙin hana a ɓata aikinsa ta yadda zai zubar masa da mutunci. A 1989 aka kafa majalisar da daga baya ta zama Hukumar Kāre Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya.

A ɓangaren Nijar kuwa tunanin Faransa aka gada, wanda yake kallon aikin fasaha a matsayin wani yanki na mutuncin mai shi. A wannan tunani mutum yana iya sayar da amfanin aikinsa, amma ba ya iya sayar da kasancewarsa mai aikin, kamar yadda uba ba ya sayar da ubantakarsa. Nijar tana cikin yarjejeniyar Berne tun 1962, tana cikin ƙasashen yarjejeniyar Bangi ta 1977, ta yi dokarta a 1993 ta sabunta a 2010, tana kuma da ofishin kula da haƙƙin mawallafa, BNDA, a Yamai. Abin ban sha'awa shi ne dokar Nijeriya ta 1988, wajen maganar suna da mutunci, ta karkata ne ga wannan tunani na maƙwabta, ta bar na iyayen gijinta na dā.

Nijeriya ta shiga yarjejeniyar Berne a 1993. Tun daga nan, bisa ƙa'ida, hoton da ɗan Maraɗi ya ɗauka yana da kāriya a Katsina daidai da na ɗan Katsina, haka ma akasin haka, ba tare da rajista ko wata takarda ba. Rufe iyakar da aka yi daga 1984 zuwa 1986, wanda ya faɗo cikin fari har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar shekarar sunan El-Buhari, da na 2019 wanda bai sake Jibiya ba sai a watan Afrilu na 2022, da na 2023 wanda ya kai watan Maris na 2024, da ficewar Nijar daga ECOWAS a watan Janairu na 2025, duk sun shafi shinkafa da shanu da fetur. Hoto kuwa ba ya tsayawa a shingen kwastan, kuma daga 1993 zuwa yau haƙƙinsa ma, a kan takarda, ba ya tsayawa.

Dokar da ke aiki yanzu a Nijeriya ita ce ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023. Ta bar wa'adin kāriyar hoto a shekara 50, ta tanadi hanyar da mai haƙƙi zai rubuta wa kamfanin da ke ɗauke da shafi ya nemi a sauke aikinsa, ta kuma haramta goge bayanan mallaka da ke maƙale da aiki. Ta kuma kula da wanda ya sa aka ɗauke shi hoto don amfanin gidansa, ta ba shi ikon hana a baza shi. Sai dai shari'ar haƙƙin mallaka a Babbar Kotun Tarayya ake yin ta, kuma mai hoton da abin da yake samu a bikin aure bai wuce na cefanen mako ba, kuɗin lauya kaɗai ya ishe shi haƙura.

6.0 Zuwan Waya

Wayar salula ta GSM ta soma aiki a Nijeriya a 2001, Facebook ya bayyana a 2004, WhatsApp a 2009. Cikin shekaru kaɗan abubuwan nan biyu da mai hoto ya dogara da su suka rushe: babu bayan hoto da za a buga wa hatimi, babu fim da za a riƙe. A gaskiya na'urar zamani takan rubuta wasu bayanai a cikin hoton kansa, kamar rana da sa'a da irin kyamara, mai hoto kuma yana iya ƙara sunansa a ciki. Amma yawancin dandalin sada zumunta sukan matse hoto don ya yi sauƙin tafiya, su zubar da akasarin waɗannan bayanai. Wanda kuma ya ɗauki hoton fuskar wayarsa ya tura, ya yanke duk wata igiya. Tambarin da mai hoto kan sa a gefe, yanke shi ake yi da yatsa biyu, wani ma ya ɗora nasa a gurbin.

Shari'ar da aka fi ambata a wannan fage ita ce ta Daniel Morel. Ranar 12 ga Janairu, 2010, girgizar ƙasa ta rushe babban birnin Haiti, Morel ya ɗauki hotuna ya sa su a intanet ta hanyar Twitter. Wani mutum ya kwashe su ya sake sawa a matsayin nasa, kamfanin dillancin labarai na AFP ya ɗauka daga can ya rarraba tare da Getty, da sunan wancan. A watan Nuwamba na 2013 wata kotu a New York ta ba Morel diyyar dala miliyan 1.2 a kan hotuna takwas, bayan da alƙali ya riga ya yanke cewa sa hoto a dandali ba ya nufin an sallama shi ga kowa. Kusan shekara huɗu ya yi yana wannan shari'a, kuma shi tsohon ma'aikacin manyan kamfanonin labarai ne wanda ya san ƙofofin da ake ƙwanƙwasawa.

A ƙasarmu asarar ta wuce ta kuɗi. A 2014, lokacin gangamin neman a sako 'yan matan Chibok, an yi ta yaɗa hotunan wasu 'yan mata da Ami Vitale ta ɗauka a Gini Bisau shekaru kafin nan, waɗanda ba su da wata alaƙa da Borno, ba da izininta ba, ba da na iyayensu ba. Hoton gawarwakin da suka ƙone a fashewar tankar mai a Sange ta ƙasar Kwango a 2010 ya yi shekaru yana yawo a matsayin kisan addini a Nijeriya. A 2018 binciken BBC a kan rikicin Jihar Filato ya nuna cewa cikin abubuwan da suka tunzura jama'a a watan Yuni na shekarar har da wani bidiyo da aka ɗauka a Kwango Barazabil tun 2012, kuma an kashe matafiya a kan hanya a cikin wannan tunzuri. Dukkan waɗannan ta ƙofa ɗaya suka shigo: an raba hoto da sunan mai shi, da wurinsa, da ranarsa, sai ya zama marayan da kowa ke iya raɗa wa suna. Ashe sunan mai hoto isnadi ne. Shi ne mutumin da za a koma wa a tambaya, a ina, yaushe, me ya faru kafin nan.

Yankin Jibiya yana cikin wuraren da wannan haɗari ya fi kusa da su. Ambaliyar watan Yuli na 2018 ta ci rayuka fiye da 40, har ruwa ya tafi da wasu gawarwaki cikin Nijar. Daga 2019 hare-haren 'yan bindiga sun kori dubban mutanen Katsina da Zamfara da Sakkwato zuwa jihar Maraɗi. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Jibiya. A irin wannan hali ƙwararrun 'yan jarida kaɗan ne ke isa wurin, shaidar da ake samu ta mutanen gari ce, malamin makaranta, ko ɗan acaɓa, ko mai shagon cajin waya. Su ne Green da Keïta na wannan zamani, kuma masana tarihin da za su rubuta labarin waɗannan shekaru da hotunansu za su yi aiki, in sun iya tantance su.

7.0 Inda Maganar Take da Wuya

Ba za mu ɓoye ba, akwai inda kiran a ambaci suna yake iya zama cutarwa. Wanda ya ɗauki hoton ƙauyen da aka kai wa hari, ko na ma'aikacin da ke karɓar na goro a shinge, ko na ayarin babura ɗauke da buhunan shinkafa ta barauniyar hanya, buga sunansa yana iya zama ajalinsa. Doka ta san da wannan, domin haƙƙin suna ya haɗa da haƙƙin ɓoye shi ko amfani da laƙabi. Bambancin shi ne wane ne ya zaɓa. Idan edita ya san mai hoton, ya biya shi, ya rubuta sunansa a kundinsa, sa'an nan ya ɓoye shi bisa roƙonsa, isnadin bai yanke ba, an dai rufe shi ne zuwa wani lokaci. Wannan dabam yake da kwasar hoto a bar mai shi bai ma san an buga ba.

Akwai kuma haƙƙin wanda ke cikin hoton, wanda mu a al'adarmu shi muka fi ba nauyi, kuma muna da hujja. Matar da ta gudo da goyo zuwa Madarunfa ba ta san fuskarta tana kan takardar neman taimako a Turai ba. Ambaton mai hoto ba ya wanke wannan, amma aƙalla yana nuna wanda za a tuhuma.

Kayan aikin bincike suna nan, ba su da tsada. TinEye tun 2008, da Google tun 2011, suna ba da damar a sa hoto a nemi inda ya fara bayyana. Dubawa da Africa Check suna wannan aiki a Nijeriya. Tun 2021 wasu manyan kamfanoni suka haɗu a kan wani tsari na hatimin lantarki mai bin hoto daga kyamara har inda ya je, kuma a 2023 Leica ta fitar da kyamarar farko mai ɗauke da shi, ko da yake kuɗinta ya fi ƙarfin kowane shagon hoto na Jibiya. Abin da ya fi kusa da mu shi ne rumbun Wikimedia Commons, inda matasan da ke aikin Wikipedia ta Hausa suke zuba hotunan garuruwansu bisa lasisin da ya yarda kowa ya kwafa muddin ya ambaci mai shi. Wannan kuwa, in aka duba, shi ne sharaɗin magwafin littattafanmu na dā.

Saura mu da ke zaune a wannan zaure. Mukan kā da ɗalibi idan ya kwafi sakin layi bai faɗi mai shi ba, amma mukan sa hannu a kundin digirin da aka rubuta a ƙarƙashin kowane hoto cewa an samo shi daga intanet, kamar a ce an samo hadisi daga kasuwa. Mu ma a takardunmu mun sha yin haka. Gidan Arewa da ke Kaduna, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina, da cibiyar binciken IRSH ta Yamai, suna da gogewar tattara rubuce-rubucen hannu gida gida, a kwafa a mayar wa masu su. Irin wannan zagaye ne tsofaffin shagunan hoto na Katsina da Jibiya da Maraɗi suke bukata, kuma a kwafi kowane hoto fuska da baya, saboda hatimin. Waɗanda suka buɗe shago a shekarun 1970 yanzu sun haura saba'in, kuma su ne kaɗai za su iya duban hoto su ce wannan labulen na shagon wane ne.